Dokokin Aron Littattafai a Laburaren Jami'a: Wa Ya Kamata a Duba, Littafi ko Mai Aro?

Duk ɗalibin da ya taɓa shiga laburaren jami'a ya san cewa littattafan cikinsa kashi-kashi ne ta fuskar aro. Akwai waɗanda ake tafiya da su gida, akwai na ajiyar musamman da ake bayarwa na 'yan sa'o'i, akwai kuma waɗanda ba sa ƙetare ƙofa ko kaɗan, irin su ƙamusoshi da kundayen digiri da rubuce-rubucen ajami. Wannan rabe-rabe ba shi da aibi. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen wa'adi. A jami'o'i da dama, ɗalibin digirin farko yakan sami littattafai kaɗan na kamar mako biyu, malami kuwa yakan ɗauki masu yawa ya riƙe su tsawon watanni. Wato muƙamin mai aro ake dubawa, ba halin da littafin yake ciki ba.

Hujjar da ake kafawa ita ce bincike yana cin lokaci, kuma gaskiya ce. Sai dai fannonin harshe da adabi da tarihi suna da wata siffa da ta bambanta su da kimiyya. Littafin kimiyyar magunguna yakan tsufa cikin 'yan shekaru, a sake buga sabo. Na adabi kuwa ba haka yake ba. Alal misali, ƙamusun Bargery na 1934 har yau manazarci ba ya wadatuwa da barinsa. Haka nan mai nazarin tarihin rubutun Hausa ba makawa ya nemi Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, wanda ya fito a 1988. Irin waɗannan ayyuka samunsu a kasuwa sai an sha wuya, kuma sau da yawa kwafi ɗaya ko biyu ne kacal a kan kanta. To, a ce aji mai ɗalibai ɗari an ba shi aikin jinga a kan littafi guda, alhali kwafin yana ofishin wani tun farkon zango. Ina sauran za su sa kansu?

Abin da ke biyo baya sananne ne. Wani ɗalibi yakan ɓoye littafi a kantar da ba tasa ba don ya same shi gobe, kuma littafin da ya bar gurbinsa a babban laburare tamkar ɓatacce ne. Wani yakan sa reza ya yanke babin da yake so. Ba a kare wannan ɗabi'a, domin ɓarna ce. Amma wanda ya yi ta sintiri mako uku bai ga littafi ba, ya riga ya koyi cewa bin doka ba ya biya masa buƙata.

Tara ma ba ta magance matsalar ba. Kuɗin da aka yanka shekarun baya hauhawar farashi ta cinye darajarsa, har ɗalibi mai hali ya mai da shi kuɗin haya. Babba kuwa, ƙaramin ma'aikacin laburare yakan ji nauyin tambayarsa.

Mafita ba ita ce a kulle komai ba. Tun a 1931 masanin nan na ƙasar Indiya, Ranganathan, ya sanya amfani da littafi a matsayin ƙa'idar farko ta aikin laburare. Abin da ya dace shi ne wa'adi ya bi littafi. Wanda yake da kwafi da yawa, ko wanda ba a cika nema ba, a bar mai bincike ya riƙe shi gwargwadon buƙata. Wanda kuwa aka sanya a manhajar zango, malamin darasin ya miƙa sunansa tun kafin a koma karatu, a mai da shi ajiyar musamman. Bugu da ƙari, a ƙarfafa dokar kiran littafi: da zarar wani ya nema, a aika wa mai riƙe da shi ya dawo da shi cikin 'yan kwanaki, ko da shehun malami ne. Wanda ya ƙi, a dakatar da katinsa. Kamar yadda ba a sallamar ɗalibi sai laburare ya sa masa hannu, haka ya kamata a yi wa ma'aikacin da zai yi ritaya ko ya canja wurin aiki. Bahaushe dai ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

Wannan batu ya shafi ɗalibin kwalejin ilimi kai tsaye. Gobe shi za a danƙa wa mabuɗin kabad ɗin littattafai a wata makarantar firamare ko sakandare, inda wataƙila Magana Jari Ce ɗaya ce tak ga aji uku. Rajistar aro guda zai buɗe, kuma a cikinta za a rubuta sunan ɗan aji ɗaya da na hedimasta, kowa da ranar da zai dawo da abin da ya ɗauka.