A Auna Lakar Tiga Tun Kafin A Taɓa Ta

Madatsar ruwa ta Tiga da ke cikin Ƙaramar Hukumar Bebeji ta haura shekara 50 da ginawa. An soma aikinta a 1971, aka gama a 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Bako. Daga gare ta ake shayar da gonakin noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ruwan da take saki ne matatar Tamburawa ke ɗiba don birnin Kano, kuma ɗimbin masunta a cikinta suke neman abinci. Kowace shekara akan yi maganar yawan ruwanta da ƙarfin bangonta, har ma akan ji kiran a yashe ta. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, mene ne ke cikin lakar da ta yi shekara 50 tana taruwa a ƙarƙashinta?

Tambayar tana da dalili. Ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyam da zaiba ba sa daɗewa suna yawo cikin ruwa. Sukan manne wa lallausan ƙurar ƙasa, su bi kogi har inda gudunsa ya ragu, sa'an nan su kwanta. Madatsar ruwa kuwa aikinta ke nan, watau tsayar da gudun kogi. Saboda haka ana iya ɗibar ruwa a kwalba a gwada a same shi garau, alhali lakar da ke ƙasansa tana ɗauke da guba. Tsutsotsin laka sukan ci wannan guba, tarwaɗa ta cinye su, mutum ya ci tarwaɗa. Har ila yau idan ruwa ya janye da rani, lakar ta sha iska, wasu ƙarafan sukan saki, a daidai lokacin da manoma ke shuka a gaɓar da ruwan ya bari.

Kogin Kano daga tsaunukan kudancin jihar yake tasowa, ya ratsa Doguwa da dajin Falgore da Tudun Wada kafin ya faɗa Tiga. A can kudun ne garin Riruwai yake, inda ake haƙar kuza tun kafin zuwan Turawa. Dutsen Riruwai, ban da kuza, yana ɗauke da tutiya da dalma, kuma ma'adinin tutiya da wuya a same shi ba tare da kadmiyam ba. Babban aikin haƙa na ƙarƙashin ƙasa ya tsaya cikin shekarun 1980, amma ramukan da tulin ƙasar da aka tono suna nan, ƙananan mahaƙa kuma ba su daina aiki ba. Duk damina ruwan sama yana wanke wannan tuli zuwa rafuka. Wannan kaɗai ya isa hujjar a bi sawun lakar daga tushe.

Ƙasar Japan ta ga irin wannan lamari. Wata mahaƙar tutiya da dalma da ke Kamioka ta yi shekaru tana zubar da dagwalonta cikin Kogin Jinzu, manoman lardin Toyama kuma suna ban ruwan shinkafa da shi. Shinkafa tana zuƙar kadmiyam fiye da yawancin hatsi, kadmiyam kuwa ƙoda yake lalatawa, ya sa ƙashi ya yi laushi. Sai a 1968 gwamnatin ƙasar ta amince cewa daga mahaƙar cutar ta fito. Gyaran gonakin, watau kwashe gurɓatacciyar ƙasa a zuba sabuwa a fili mai faɗin hekta 863, ya ɗauki fiye da shekara 30, ba a gama ba sai 2012. Mahaƙa a sama, kogi a tsakiya, shinkafa a ƙasa: duk wanda ya san taswirar kudancin Kano ya san wannan jeri.

A nan gida ma akwai darasi. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, kuma garin Bagega bai sami aikin share ƙasarsa ba sai 2013. Kogin Challawa, wanda ke haɗuwa da Kogin Kano kusa da Tamburawa, ya daɗe yana karɓar dagwalon kamfanonin jima na Sharaɗa da Challawa, wanda ke ɗauke da kuromiyam. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

To, mene ne abin yi? Matakin farko shi ne awo, kuma awo yana da ƙa'ida. Sai a zana taswirar duk inda dagwalo ke shiga kogi, daga ramukan haƙa zuwa wuraren wanke ma'adini da magudanan garuruwa. Sa'an nan a ɗebi laka a wurare da yawa, musamman bakin da kogi ke shiga madatsar, da manyan hanyoyin ruwa na noman rani. Ɗibar saman laka kawai ba ta wadatar ba. Akan kafa dogon bututu a zaro lakar hawa-hawa, domin kowane hawa shaidar zamaninsa ne, kuma ta haka ake gane ko gubar ƙaruwa take yi ko raguwa. Wajibi ne kuma a ɗebi laka daga rafukan da haƙa ba ta taɓa ba don kwatanci, tun da dutsen yankin yana da ƙarafansa na asali. A yi awon damina da rani, a haɗa da gwajin kifi da shinkafa da ganyaye, domin abin da ya shiga cikin mutum shi ne ainihin abin damuwa.

Wannan aiki bai fi ƙarfin masanan ƙasar nan ba. Akwai Jami'ar Bayero a Kano, akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ke da na'urorin tantance ƙarafa komai ƙanƙantarsu, akwai kuma Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna. Ɗalibai sun daɗe suna rubuta kundin digiri a kan ruwan Kano, kundin kuma yakan ƙare a kan kanta. Ya kamata Hukumar Raya Kogunan Haɗejia da Jama'are, wadda ke kula da Tiga, ta haɗa kai da Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano da hukumar NESREA, su tattara waɗannan bincike wuri guda, su tsara awo na dindindin da kasafin kuɗinsa.

Bayan awo ne ake zaɓen magani, kuma hanyoyin uku ne. Inda gubar ba ta da yawa kuma ruwa a kwance yake, ana iya barin lakar yadda take, tsabtatacciyar laka ta ci gaba da binne ta, ana sa ido. Inda ta fi haka, ana iya rufe ta da yashi mai tsabta. Inda ta yi muni, sai a yashe, a tsame lakar, a binne ta cikin rami mai shimfiɗar da ba ta yoyo. Yasa ita ce ta fi tsada, ita ce kuma ta fi haɗari, domin tana tayar da gubar da ta kwanta. A Minamata ta Japan, aikin kwashewa da rufe laka mai zaiba ya ɗauki daga 1977 zuwa 1990. A Kogin Hudson na Amurka an yi yasa daga 2009 zuwa 2015 a kan kuɗi fiye da dala biliyan ɗaya da rabi. Duk ɗan kwangilar da aka ba shi yasar madatsa ba tare da takardar awo ba, zai iya jibge lakar a gona, manomi ya ɗauka taki ya samu.

Kowace hanya aka bi, aikin banza ne muddin ba a toshe tushen ba. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 da Dokar Ma'adinai ta 2007 sun ɗora wa mai haƙa nauyin gyara wurin da ya ɓata. Lalle ne a tilasta wa masu lasisi gina tafkunan tace dagwalo, a hana wanke ma'adini a cikin rafi, a rufe tsofaffin tulin ƙasa a dasa musu ciyawa. Ƙananan mahaƙa kuwa, tun da abincinsu ke nan, a keɓe musu wurin wanki nesa da ruwa a maimakon kora.

Daga ƙarshe, sakamakon awon na jama'a ne. A fassara shi da Hausa, a kai wa shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da hakimai da sarakunan ruwa da ƙungiyoyin manoma. In lakar ta fito da tsabta, masunci da manomi sun sami shaidar da za su nuna a kasuwa. In kuwa an sami guba, an san inda take tun ana iya killace ta da kuɗi kaɗan. Kuɗin awo bai kai ko kusa da kuɗin yasa ba, balle kuɗin jiyya. Rigakafi ya fi magani.