Laimar Kwaɗi Mai Guba a Littafi Na Biyu

Wannan makon da masu rubuta littafi na biyu nake, kuma na san wasu za su ji haushina. A yi min uzuri tun yanzu, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Muna yara, duk ranar da aka tashi daga Ɗantutture za a shiga kasuwar Dutsin-Ma, burinmu bai wuce wani ɗan shago mai janareta da talabijin ba, inda ake biyan kuɗi a buga Super Mario. Wasan da wuya. Rami a gaba, kunkuru a baya, lokaci yana tafiya. Duk da haka ban taɓa jin yaro ya zagi wasan ba. In ka faɗa rami kanka kake zagi, ka lalubi aljihu ka sake biya.

Kwanan baya ƙanena ya sa mana ci gaban wasan a wayarsa, muka zauna mu uku muna karɓa-karɓa. Na farko ya jefar da wayar kan tabarma, ya ce wannan mugunta ce. Na biyu, wanda ya fi mu iyawa, ya nace har dare, ya ce daɗinsa ke nan. Ni kuwa na tashi ina tunanin littattafanmu.

Kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Super Mario Bros. a 1985, ƙarƙashin jagorancin Shigeru Miyamoto, da duniyoyi 8, kowace da matakai 4. Matakin farko makaranta ne da ba a rubuta masa allo ba. Maƙiyi ɗaya tak zai fara tunkaro ka a fili, dole ka koyi tsalle. Ka bugi akwati, laimar kwaɗi ta fito, ta taɓa ka, ka ƙara girma. Cikin minti ɗaya ka gane dokar: wannan abokin gaba ne, waccan alheri ce.

A 1986 aka fitar da na biyu a Japan, aka ce na gwanaye ne. A ciki aka sa laimar kwaɗi mai guba, mai kama da ta alherin, ka taɓa ta cuce ka. Aka sa iska mai ture ka kana tsakiyar tsalle. Bututun da a wasan farko yake tsallakar da kai gaba, a nan akwai wanda zai mayar da kai baya. Reshen kamfanin na Amurka ya duba ya ƙi sayar da shi. Sai suka ɗauki wani wasa dabam, Doki Doki Panic, suka sauya masa kama, suka fitar da shi a 1988 da sunan Mario na biyu. Na ainihin bai isa Amurka ba sai 1993.

To ku dubi abin da muke yi. Littafi na ɗaya kyauta, mun zuba masa duk basirarmu. Mai karatu ya saba da jarumar, ya san halin mijin, ya san wa zai yarda da shi a gidan. Ya turo kuɗinsa don na biyu. Shafi na uku, uwar da muka shafe littafi guda muna nuna tausayinta ta zama mai bin bokaye, ba tare da ko alama ɗaya a baya ba. Wanda aka yi wa sallah aka binne ya dawo, wai tagwaye ne. Auren da aka sha wuya aka ɗaura ya mutu a kan saƙon waya ɗaya, don kawai a koma farko a sake cika shafuka. Wannan ita ce laimar kwaɗi mai guba, kuma wannan ne bututun da ke mayar da mutum baya. Mai karatu ya koyi doka a hannunka, sai ka hukunta shi saboda ya koya.

Na san amsar da za a ba ni: rayuwa ma haka take, mutane suna canzawa, kuma mai son zuma dole ya jure harbi. Gaskiya ne mutane suna canzawa, amma da dalili, kuma aikin marubuci ne ya shuka dalilin tun da wuri. Idan mai karatu ya koma baya ya ce, "Ashe an nuna min, ni ne ban lura ba," ka ci nasara, ya faɗa rami yana zagin kansa. Idan ya koma baya bai tarar da komai ba, kai zai zaga, kuma yana da gaskiya.

Wani zai ce ai abokina na biyu ya ji daɗin wasan, don haka akwai masu son irin wannan. Akwai su. Amma ku lura, kamfanin ya faɗa tun farko cewa na gwanaye ne, mai saye ya san abin da ya saya. Mu ba ma faɗa. Muna karɓar kuɗi da alƙawarin ci gaban labarin da aka sani, mu miƙa wani abu dabam. Ko a 2025 an ga misali. Wasan Hollow Knight ya fito a 2017, ci gabansa Silksong ya fito ranar 4 ga Satumba 2025, 'yan wasa da yawa suka koka da tsananinsa. Masu wasan, Team Cherry na Ostireliya, suka sassauta wasu maƙiyan farko cikin gyaransu na farko, sauran wuyar suka bar ta. Sun saurara, sun tace koken. Mu kuwa mai karatu ya yi ƙorafi, sai mu ce hassada ce, mu cire shi daga zaure.

Ba sai mun je Japan neman darasi ba. Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku. A na ɗaya aku yana ba da labari don ya tsare Musa a gida. A na biyu gasa yake da wani akun, Haziƙ. A na uku ɗansa Fasih yake koyarwa. Kowane littafi da sabon dalilin ba da labari, amma akun nan shi ne dai akun da muka sani, da wayonsa da bakinsa.

Saboda haka ga roƙona. Kafin ka saki na biyu, koma ka karanta na ɗaya da biro a hannu. Rubuta duk abin da ka sa mai karatu ya yarda da shi. Duk wanda za ka karya, nemo shafin da ka shuka dalilinsa. In babu, ko ka gyara, ko ka bar shi. Idan kuma labarin ya ƙare a na ɗaya, ka bar shi ya ƙare, ka fara sabo. Kuɗin da za ka samu a na biyun dole ba zai saya maka mai karatun da ya daina yarda da kai ba.

Wanda yake ganin na yi kuskure, ga fili ga mai doki. Allah ya ƙara mana basira.