Kafin ka saka tsohuwar kwamfuta a kayan tsaraba

A wannan makon zan taɓo wata al'ada da yawancinmu mazauna ƙasashen waje muka saba da ita: idan mutum ya sayi sabuwar kwamfuta, sai ya goge tsohuwar ya ba matafiyi ya kai wa ƙane ko ɗan yaya da ke makaranta a gida. Niyyar mai kyau ce. Amma sau da yawa bayan sati biyu sai saƙo ya zo cewa kwamfutar tana kunnuwa lafiya lau, sai dai duk manhajar da aka sauke ta ƙi buɗewa.

Ga abin da ke faruwa. Manhaja ba ta zuwa da dukkan kayan aikinta. Kamar amaryar da ta tare a babban gida ce, turmi da taɓarya da rariya duk na gidan take ara. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wato Windows ko Linux ko macOS, tana da rumbun ƙananan kayan aiki da kowace manhaja ke ara don buɗe fayil, yin lissafi ko shiga intanet. Idan aka gina sabuwar manhaja da tsammanin za ta tarar da wani kayan aiki a rumbun, ta zo ta tarar babu, to nan take tsayawa.

A Linux babban rumbun shi ne glibc, kuma dokarsa hanya ɗaya take bi: tsohuwar manhaja tana aiki a kan sabon glibc, amma sabuwa ba lallai ta yi aiki a kan tsoho ba. A farkon 2024 masu rubuta manhaja da dama sun ɗanɗana wannan, lokacin da Microsoft ya fitar da VS Code 1.86 mai buƙatar glibc 2.28. Ubuntu 18.04 na da 2.27, CentOS 7 kuwa 2.17. Tazarar ƙarama ce a ido, amma ta isa ta hana mutane haɗawa da sabobinsu, har sai da kamfanin ya ɗaga musu ƙafa na wani lokaci saboda yawan ƙorafi.

A ɓangaren Windows ma haka abin yake. Microsoft ya daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020. Chrome ya tsaya a lamba 109 a kansa, Firefox ya tsaya a 115, kuma Python 3.9 zuwa sama ba ya hawa kansa. Ɗalibin da aka aika wa irin wannan kwamfuta don ya koyi rubuta manhaja zai makale tun a darasin farko. Windows 10 ma wa'adinsa ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 na neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da tsoffin kwamfutoci da yawa ba su da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne tsaro. Babbar manhajar da aka daina yi wa gyara, duk ɓarakar da aka gano a cikinta haka za ta zauna a buɗe. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutocin asibitocin gwamnati a Ingila, ta hanyar wata ɓaraka da tuni aka fitar da gyaranta amma ba a saka ba. Ka tuna a kan kwamfutar da ka aika ne za a shiga asusun banki, a cike takardar neman makaranta, a adana hoton fasfo.

Shawarata uku ce. Na farko, duba abin da ke kan kwamfutar kafin ta bar hannunka, ka sabunta ta a nan inda intanet ke da sauri da araha, kada ka bar wa yaro ya ƙarar da datarsa. Na biyu, idan ba za ta ɗauki Windows 11 ba, saka mata Linux Mint 22 ko Ubuntu 24.04. Kyauta ne, ba su da nauyi sosai, kuma za a ci gaba da yi musu gyara har 2029. Suna zuwa da Firefox, kuma LibreOffice zai wadatar wajen rubutu da lissafi. Na uku, idan dole ne a zauna da tsohon Linux saboda wani aiki, kada a kuskura a sauya glibc da hannu, domin kusan komai a kansa ya dogara, kuskure ɗaya na iya hana kwamfutar tashi gaba ɗaya. Gara a nemi manhajar a Flatpak, ko a saka ta cikin Docker, inda take zuwa da nata rumbun.

Idan kuwa kwamfutar ta tsufa har ba ta iya ɗaukar ko ɗaya daga cikin waɗannan, kai ta wurin da ake karɓar tsoffin na'urori a garin da kake, ka aika kuɗin dakon a ƙara a sayi wadda za ta yi aiki. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.