Sudan: Makomar tsoffin masana'antun Jazira bayan madatsar Sennar ta cika shekara 100

A shekarar 2025 ne madatsar ruwa ta Sennar da ke kan kogin Shuɗin Nilu ta cika shekara 100 da kammalawa, a daidai lokacin da mutanen jihar Jazira ke komawa gidajen da yaƙi ya kore su. Dakarun RSF sun kama Wad Madani a watan Disamba na 2023, sojojin gwamnati suka ƙwato birnin ranar 11 ga Janairun 2025, daga baya kuma suka shiga Rufa'a da Hasahisa. Yanzu da aka koma batun gyara, tambayar ita ce: me za a yi da tsoffin gine-gine da injuna na babban aikin noman rani na ƙasar? A gyara su, a adana su, ko a bar wa masu cinikin tsohon ƙarfe?

Abin da ke ƙasa

An fara gwajin noman auduga da ban ruwa a Tayyiba cikin 1911, amma sai da aka gama madatsar a 1925 aikin ya kankama. Tsawonta ya kai kusan kilomita 3. Da farko wani kamfanin Ingila ne ke tafiyar da gonakin, ana raba riba tsakaninsa da gwamnati da manoma, audugar kuma a kai ta masaƙun Lankasha. A 1950 gwamnati ta karɓe ragamar, ta kafa Hukumar Jazira mai hedikwata a Barakat. Bayan an ƙara yankin Manaƙil, faɗin aikin ya haura fadan miliyan 2.

Aiki irin wannan ba ya tafiya da ruwa kaɗai. An gina gidajen gurzar auduga a Maringan da Hasahisa da Baƙer, da garejojin gyaran injuna, da gidajen jami'an duba gonaki. An kuma shimfiɗa siririn layin dogo mai faɗin ƙafa 2, wanda tsawonsa ya wuce kilomita 1,000, yana kwasar auduga daga gona zuwa wurin gurza. A gabashin kogi, kusa da Rufa'a, akwai kamfanin sukari na Junaid da ya fara aiki a 1962, shi ne na farko a Sudan. A ƙetaren ruwa, a Hasahisa, Sin ta gina masaƙar da ake kira Sadaƙa a shekarun 1970.

Ɓarnar ta girmi yaƙin

Kuskure ne a ɗora wa yaƙi laifin komai. Dokar aikin Jazira ta 2005 ta bai wa manomi damar shuka abin da ya ga dama, ta rage hannun hukuma, sannan a shekarun da suka biyo baya aka cefanar da kadarori da dama. An cire layin dogon aka sayar a matsayin tsohon ƙarfe, gidajen gurza suka fita daga hannun hukumar, aka sallami ma'aikata. Da yaƙi ya zo, sai ya tarar da bango ya riga ya tsage. An wawashe ofisoshi da rumbuna da motocin noma, har cibiyar binciken aikin gona ta Wad Madani ba ta tsira ba.

Haɗarin da ya fi kusa a yau shi ne kasuwar tsohon ƙarfe. Inda mutane suka dawo hannu wofi, injin da ya shekara 70 a tsaye kilo ne kawai na ƙarfe. Abin da aka narka kuwa ba ya dawowa.

Damar da ke akwai

Ta farko tana cikin doka. Dokar kare kayan tarihi ta Sudan ta 1999 ta ɗauki abin da ya kai shekara 100 a matsayin kayan tarihi. Ke nan madatsar Sennar da manyan magudanan farko sun kai wannan mizani, kuma hukumar kayan tarihi ta ƙasa na da hujjar shigar da su rajista.

Ta biyu ita ce giɓin da ke jerin UNESCO. Wurare 3 Sudan ke da su a jerin: Dutsen Barkal tun 2003, Marawi ta dā da ke kusa da Shandi tun 2011, da gaɓar tekun Sanganeb da Dungunab tun 2016. Babu na masana'antu ko ɗaya, alhali Jamus ta shigar da mahaƙar kwal ta Zollverein a 2001, Faransa kuma ta shigar da yankin haƙar kwal na arewacinta a 2012. Ita ma Ingila ta shigar da masaƙun auduga na kwarin Derwent a 2001. An karrama wuraren saƙa, gonakin da suka ciyar da irin waɗannan masaƙu kuwa ba a waiwaye su ba.

Ta uku ita ce alaƙa da Afirka ta Yamma. Faransawa sun yi la'akari da Jazira lokacin da suka kafa Office du Niger a Mali cikin 1932, da madatsar Markala da aka gama a 1947. Masanan ƙasashen biyu na da abin da za su koya wa juna kan yadda ake riƙe tsohon gini da har yanzu yake ban ruwa.

Tarihin wa za a bayar?

Nan ne batun ya shafi Hausawa kai tsaye. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar. Mahajjata masu tafiyar ƙasa ma sukan yada zango su yi aikin cirar auduga don neman guzuri, wasu kuma suka zauna ke nan. Guminsu na cikin abin da ya ɗaga Jazira.

Wasu sun samu hawasha, wato gonar da hukuma ke yanka wa manomi. Da yawa kuwa, tare da 'yan ƙwadago daga Darfur da Kurdufan da Chadi, sun ƙare ne a unguwannin bakin magudana da ake kira kanabi, inda har yau ake kokawa kan mallakar fili da makarantu da asibiti. A watan Janairun 2025 an kai hari kan Kambo Tayyiba aka kashe fararen hula, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun zargi mayaƙan da ke mara wa soji baya. Gidan tarihin da zai nuna hotunan injiniyoyin Turawa ya bar masu cirar auduga a waje, rabin labari zai bayar, kuma zai iya fama tsohon miki.

Ƙalubalen kuɗi da fifiko

Wanda ke neman abinci da magani ba zai saurari zancen adana tsohon inji ba, kuma yana da gaskiya. Yaƙi bai ƙare a ƙasar ba, don haka babu mai lissafin 'yan yawon buɗe ido nan kusa. Kuɗin waje ma ƙalilan ne. Asusu irin ALIPH, da Faransa da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka jagoranci kafawa a 2017, yana da gidajen tarihin da aka wawashe a gabansa, har da babban gidan tarihi na Khartum.

Sai dai Jazira ta bambanta da kufai. Madatsar na aiki, magudanan na ɗaukar ruwa. Yashe su da gyara ƙofofin ruwa aikin ciyar da jama'a ne, kuma shi ne adanawar. Sauran matakan ba su da tsada: ƙidaya abin da ya rage da ɗaukar hotonsa, hana sayar da muhimman injuna, tattara takardun Barakat a haɗa da kwafin waɗanda ke ajiye a Jami'ar Durham ta Ingila, da naɗar muryoyin dattawan kanabi da tsoffin ma'aikata. Ɗaliban Jami'ar Jazira za su iya wannan aiki. Gidan tarihin jirgin ƙasa na Atbara ya nuna ana iya yin irinsa a cikin gida.

Masu karatu a Najeriya sun san sakamakon jinkiri. Dalar gyaɗa ta Kano ta koma hoto, masaƙun Kakuri a Kaduna sun zama kango. Jazira na da sauran abin ceto, amma damar ba za ta wuce 'yan shekarun sake gini ba, domin a cikinsu ne za a yanke abin da za a gyara da abin da za a ɗora a sikeli.