Martani: A Bar Yara Su Karanta Narnia

Ɗan'uwa, na karanta rubutunka inda ka ce iyaye Kiristoci su raba 'ya'yansu da littattafan Narnia saboda akwai mayya da dabbobi masu magana a ciki. Ban yarda ba.

Da ka karanta littafin farko, wanda C.S. Lewis ya fitar a Ingila a 1950, da ka ga inda mayyar ta ƙare. Yaro Edmund ya ci amanar 'yan'uwansa don kwaɗayin alewa, hukuncinsa kuwa kisa ne. Sai zaki Aslan ya miƙa kansa a madadinsa, aka kashe shi bisa Teburin Dutse, gari na wayewa ya tashi da rai. Yaron da ya yi kuka a wannan shafi ya fara gane fansa tun kafin a koya masa sunanta.

Ka ce labarin ƙirƙira ƙarya ce. To, Annabi Natan fa, da ya kama Sarki Dawuda da labarin 'yar tunkiyar matalauci? Yotam fa, da ya sa itatuwa suka yi magana a Littafin Mahukunta sura 9? Yesu kansa da misalai ya koyar da taro.

Tsoronka na sihiri yana da tushe, amma a nan an tona asirin mugunta ne, aka kuma kayar da ita. Littattafan nan guda 7 ba za su maye gurbin Littafi Mai Tsarki ba, Lewis ma bai ce za su maye gurbinsa ba. Iyaye su zauna su karanta tare da yara, su amsa tambayoyinsu.