SUNAN DA KE JIKIN LEDAR IRI

Da zarar an yi ruwan shuka, sai kantunan iri da taki na kasuwar Samaru da ta Sabon Gari su cika da manoma, wasu daga Unguwar Gabas, wasu tun daga Giwa da Soba. Kowane kanti da allonsa, kowace leda da sunan da aka buga mata. To, sunan nan na wane ne? In iri ya ƙi, wa za a kama?

Maganar ba ƙarama ba ce. Wanda ya sayi mugun gishiri ya kan gane a miyar daren nan. Wanda ya sayi mugun iri kuwa ba ya ganewa sai ya ga bai tsiro ba, ko kuwa sai masara ta girma ta ƙi goyo. Lokacin nan kuɗin huɗa da na taki da na noma duk sun tafi, damina kuwa ba ta komowa don mutum ɗaya. Masu algus sun san haka. Sai su auno masarar ci a kasuwa, su rina ta ja kamar an zuba mata magani, su ɗura a leda, su rubuta Sammaz.

Sunan Samaru ba yau ya yi daraja ba. Tun 1922 aka kafa gonar gwaji a nan, a 1962 kuma ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Daga can aka fito da masarar Sammaz, da gyaɗar Samnut, da waken Sampea, da dawar Samsorg. Amma fa waɗannan sunayen iri ne, ba sunan wanda ya ɗura a leda ba. Sunan mai ɗurawa shi ne ya kamata ya zama da mai shi wanda a ke iya samu.

Doka ta riga ta tanadi wannan. Wanda ke ciniki da sunansa na yanka da na mahaifinsa kawai, ba a tilasta masa rajista ba. Amma wanda ya laƙa wa kantinsa wani suna dabam, lalle ne ya yi masa rajista cikin kwana 28 da buɗewa, a Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC. Dokar 1990 ce ta kafa hukumar, aka sabunta dokar a 2020. A kan duba ko wani ya riga shi ɗaukar sunan, kana a rubuta sunan mai shi, da inda kantin ya ke, da irin cinikin da ya ke yi, a ba shi takardar shaida mai lamba. Ta intanet a ke yi, kuma kowa na iya duba suna a shafin hukumar ya ga ko akwai shi. Sai da takardar nan banki ke buɗe asusu da sunan kanti.

Waɗansu 'yan kasuwa su kan ce rajista kiran mai haraji ne. Ba su yi ƙarya ɗungum ba, gama wanda ya shiga littafi an san da shi, kuma akwai rahoton da za ya riƙa kai wa hukumar kowace shekara kafin ƙarshen Yuni. Amma mai gaskiya da ya shekara goma yana sayar da iri mai kyau, in wani ya kafa allo mai irin sunansa a layi na gaba, da me za ya tsaya gaban alƙali? Ɓoyewar nan mai algus ta ke amfana.

Sai dai akwai inda akawuna masu cika wa mutane takardu ke yi wa takardar nan ƙarin gishiri. Ba ta mai da kanti kamfani ba. In bashi ya hau kanti, mai shi ya hau, har gonarsa. Ba ta kuma tsare tambarin da ke jikin leda ba. Tambari rajistarsa dabam ce, a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki a Abuja, shekara 7 da fari, sa'an nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Babban abin lura ga manomi kuma, takardar ba ta ce irin yana da kyau ba. Wannan aikin Majalisar Kula da Iri ta Ƙasa ne, wadda dokar 2019 ta ƙara wa ƙarfi, ita ke ba masu sayar da iri izni, ta kuma sa alamarta a jikin leda.

Sabo da haka manomin da ya je sayen iri ya nemi rasit mai ɗauke da sunan kanti da lambar rajistarsa, ya duba alamar Majalisar Iri, ya kuma adana ledar da rasit ɗin har kaka. Mai kantin da ya ce ba ya ba da rasit, akwai wani kantin kusa da shi.