Kafin a Ba Tsoho Gado, a Fara Jin Ta Bakinsa

A wajenmu kai tsoho gidan kula da tsofaffi abin kunya ne. Amma yau 'ya'ya sun watsu Abuja, Legas da ƙasashen waje, wasunku ma aikin kula da tsofaffi suke yi a Ingila tun da aka buɗe ƙofar bizarsa a 2022. Don haka maganar ta iso ƙofarmu.

Ra'ayina shi ne, kai tsoho irin wannan gida ba shi ne laifin ba. Wani ciwon, kamar shanyewar ɓarin jiki ko ruɗewar tsufa, yana bukatar mai kula dare da rana. Laifin shi ne a miƙa shi kamar kaya, a sa hannu a takarda, a juya.

A Ingila, dokar kula da manya ta 2014 ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta auna bukatun mutumin da ake ganin yana bukatar kulawa. Wata dokar ta 2005 ta ce a ɗauka mutum yana iya yanke wa kansa shawara, sai in an tabbatar ba zai iya ba. Idan gida ya karɓe shi, sai a rubuta masa tsarin kulawa nasa shi kaɗai: magungunansa, abincin da ke ba shi wahala, ko yana yawan faɗuwa, sau nawa za a juya shi don kada kwanciya ta yi masa gyambo, wa yake so ya yi masa wanka, da abin da yake so a yi idan ajali ya matso. Akan sake duba takardar in jikinsa ya canza.

Sai dai likita ba zai san cewa Baba ba ya barci sai da rediyo a kunne ba. Ba zai san Kaka ba ta yarda namiji ya yi mata wanka ba. Mai ciwon mantuwa yakan rasa harshen da ya koya da girma, ya koma na ƙuruciya. Wanda ya yi shekaru yana koyarwa da Turanci sai a ji shi yana neman ruwa da Hausa ko da Ngas. In ba a rubuta wannan ba, za a ce rigima yake yi, alhali ƙishirwa ce.

Ku tuna Bartimawas a Markus 10. Kowa ya ga makaho ne, duk da haka Yesu ya tambaye shi abin da yake so kafin ya warkar da shi. Tambayar nan girmamawa ce.

Wani zai ce ma'aikata sun yi kaɗan, ina lokacin wannan duka? Gaskiya ne. Shi ya sa ranar karɓa ba ranar aika direba ba ce. Ku je da kanku, ku zauna, ku bar tsohon ya fara magana, ku cike abin da ya manta. Bayan wata guda ku koma ku ce a nuna muku takardar. Ku kuma da kuke wannan aiki, ku karanta tsarin kafin ku taɓa jikin mutum.

Ubangiji ya ba mu kunnen sauraron iyayenmu. Amin.